Sharhi: An ƙwato karnukan, to wa zai ciyar da su?

Sharhinmu na yau ya ɗan fita daga gida. Za mu leƙa Amurka da Ingila da Faransa, inda a ƴan shekarun nan ake ta sauya dokokin jin ƙan dabbobi, musamman a kan masu tara karnuka don sayar da ƴaƴansu. Mun san wani zai ce, haba malam, muna fama da tsadar hatsi da matsalar tsaro, sai ku zo mana da zancen karnukan Nasara? To a yi haƙuri a bi mu har ƙarshe. Tambayar da ke cikin batun ga ta shafi duk wata doka da ta ba hukuma ikon ƙwace abu mai rai: in an ƙwace, ina za a kai shi, kuma wa zai ɗauki nauyin cinsa da maganinsa kafin alƙali ya yanke hukunci?

Mece ce masana'antar kwikwiyo?

A ƙasashen ga, ɗan kwikwiyo na asali haja ne mai tsada, ana sayar da guda ɗaya dalar Amurka dubu biyu ko uku a kanti. Inda kuɗi suke kuwa ba a rasa mai neman gajeriyar hanya. Sai mutum ya samu wata gona a bayan gari, ya jera kejin waya, ya zuba karnuka mata ɗari ko ɗari biyu, aikinsu kawai haihuwa. Karya tana ɗaukar ciki wajen kwana 63, tana kuma iya haihuwa sau biyu a shekara. Da ƴaƴan sun kai mako takwas sai a kwashe su a miƙa wa dillali, dillali ya kai kanti. Uwar kuma tana nan cikin keji har ranar da ta daina haihuwa, a yar da ita ko a kashe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Irin waɗannan wurare su ne masu fafutuka ke kira masana'antar kwikwiyo, kuma babbar ƙungiyar jin ƙan dabbobi ta Amurka, Humane Society, wadda ta koma Humane World for Animals a 2025, ta daɗe tana ƙiyasta cewa sun kai 10,000 a ƙasar.

Abin da zai ba ku mamaki, da yawansu suna da lasisi. Amurka tana da dokar tarayya ta walwalar dabbobi tun 1966, zamanin shugaba Lyndon Johnson, kuma ma'aikatar noma ce ke aika masu duba wuraren kiwo. Sai dai ƙa'idar da aka gindaya ƙarama ce ƙwarai. A auna tsawon kare daga hanci zuwa gindin wutsiya, a ƙara inci 6, wato santimita 15, shi ke nan an samu tsawo da faɗin kejinsa. Karen da tsawonsa ya kai santimita 60, kejin santimita 75 ta kowane gefe ya wadatar a idon doka. Dokar ba ta hana a ɗora keji bisa keji ba, ba ta kuma ƙayyade yawan cikin da karya za ta ɗauka a rayuwarta ba.

Kada a ce dabba kaɗai abin ya shafa. Tsakanin 2016 da 2018, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bi diddigin wata cutar gudawa da ta kama mutum fiye da 100 a jahohi da dama, ta gano daga ƴan kwikwiyon kanti take, kuma ƙwayar cutar ba ta jin magungunan da aka saba ba mutane. Binciken ya nuna ana ɗura wa kwiyakwiyan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai, har da waɗanda lafiyarsu lau.

Karnuka kusan 4,000 cikin kwana 60

Misali mafi girma ya faru a 2022 a Cumberland, cikin jahar Virginia. Wani kamfani mai suna Envigo yana kiwon karnuka irin waɗanda ake kira bigil, ƙanana masu dogon kunne. Nasa kiwon don sayar wa ɗakunan gwajin magunguna ne, amma tsarin iri ɗaya ne da na masu kai wa kanti, kuma doka ɗaya ce ke kansu. Masu duba na gwamnati sun rubuta masa laifi fiye da 60 cikin ƙasa da shekara guda. Sun tarar da abinci mai tsutsa da fumfuna, sun tarar an hana karnuka masu shayarwa abinci, takardun kamfanin kuma sun nuna kwiyakwiyai fiye da 300 sun mutu cikin wata bakwai ba a binciki dalili ba. Duk da haka watanni suka shuɗe ba a ci shi tara ba, ba a soke lasisinsa ba.

Sai a watan Mayu na 2022 ma'aikatar shari'a ta tarayya ta shiga da takardar izinin bincike, ta ƙwace karnuka sama da 400 da ke cikin mummunan hali, ta kuma maka kamfanin a kotu. A watan Yuli alƙali ya amince a kwashe sauran, kusan 4,000, cikin kwana 60.

To a nan ne gizo ke saƙar. Gwamnatin Amurka, duk da ƙarfinta, ba ta da wurin ajiye karnuka 4,000. Ƙungiyar Humane Society aka miƙa wa aikin, ita kuma ta rarraba su ga gidajen ajiyar dabbobi da ƙungiyoyin ceto fiye da 120 a jahohi daban-daban. Da motocinsu, da man feturinsu, da likitocinsu, da ƴan sa kai, aka kammala kwasar a farkon Satumba. Karnukan ba su da suna, sai lambar da aka zana musu a cikin kunne. An yi sa'a labarin ya karaɗe duniya, mutane suka yi layi suna neman riƙo, har Yarima Harry na Ingila da matarsa Meghan suka ɗauki guda.

A watan Yuni na 2024 kamfanin ya amsa laifinsa, aka ɗora masa biyan sama da dalar Amurka miliyan 35, wajen miliyar 20 na kuɗinmu na sefa, tara mafi girma da aka taɓa yi a ƙarƙashin waccan doka ta 1966. Daga ciki an ware wa Humane Society kusan miliyan 2 saboda aikin da ta yi. Ku lura, shekara biyu bayan an gama ɗawainiya kuɗin suka zo. Kuma wannan babban kamfani ne mai abin hannunsa. Mai keji ɗari a bayan gari, ko an ci shi tara, sau da yawa ba a samun abin karɓa.

Aikin da ke jiran masu ceto

Ranar da aka kai samame, ƴan jarida kan zo su ɗauki hoto su tafi. Washegari ne aiki ke farawa. Karen da ya fito daga irin wannan wuri yakan zo da gashi a cukurkuɗe da kashi, haƙora sun ruɓe, tafin ƙafa ya tsattsage saboda tsayuwa bisa waya, ga ƙuma da tsutsar ciki. Dole a killace su tukuna, don cuta irin ta amai da zawo mai kashe kwiyakwiyai tana iya gama gida guda cikin ƴan kwanaki. Sai allurar rigakafi, sai dandaƙar mazan da cire mahaifar matan don kada a koma gidan jiya. Wasu matan kuma da ciki ake ƙwato su, kun ga karnuka ɗari na iya zama ɗari da hamsin kafin wata ya ƙare.

Bayan ciwon jiki ga na tsoro. Akwai karen da bai taɓa taka ƙasa ko ciyawa ba, bai san igiya ba, in mutum ya miƙo hannu sai ya daskare ko ya yi fitsari. Irin wannan ba a miƙa shi ga mai iyali haka kawai. Sai an samu masu riƙo na wucin gadi da za su zauna da shi makonni ko watanni a gidajensu har ya saba da mutane. Duk wannan yana faruwa ne a ƙasar da karnuka da kyanwoyi fiye da miliyan 5 ke shiga gidajen ajiya kowace shekara, wasu kuma ana yi musu allurar mutuwa saboda rashin wuri. Karnuka 300 in suka sauka rana ɗaya a ƙaramar gunduma, kejin da za a sa su a ciki wani kare ne za a fitar.

Dabba a matsayin kayan shaida

Babbar matsalar a wajen shari'a take. A idon doka kare dukiya ne, kamar mota ko babur. In mai shi bai sallama ba, karen na nan a matsayin nasa har a gama shari'a, ƙungiyar ceto kuwa mai ajiya ce kurum. Ba ta da ikon bayar da shi. Shari'a kuma takan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara. Babur in an ajiye shi a harabar kotu ba ya neman abinci. Kare yana nema safe da yamma.

Mu yi lissafi. Jahar Pennsylvania ta yi doka a 2013 wadda ta ba masu ajiya damar neman kotu ta tilasta wa mai dabba biyan kuɗin kulawa, har dalar Amurka 15 a rana kan kowace dabba, ban da kuɗin likita. Wato jika takwas zuwa tara na sefa. In karnuka 500 ne, a wata guda kuɗin sun kai dalar Amurka 225,000. Wace ƙaramar ƙungiya mai rayuwa da gudummawar jama'a za ta iya wannan na wata shida? Shi ya sa a wurare da dama jami'an tsaro kan ga ɓarna da idonsu su kau da kai, don sun san in sun kama ba su da inda za su kai.

Maganin da jahohi da yawa suka kawo shi ne dokar biya ko ka sallama. Bayan ƙwacewa ana zama a gaban alƙali cikin ƴan kwanaki. In alƙali ya ga an kama bisa hujja, sai a ce wa mai dabbobin ya ajiye kuɗin ciyar da su, in ya kasa sun fita daga hannunsa, a ba masu riƙo, shari'ar laifinsa kuma ta ci gaba. Amma ita ma dokar tana da masu suka, kuma sukar tasu ba ta banza ba ce. Talaka na iya rasa dukiyarsa tun ba a same shi da laifi ba, don kawai ba ya da kuɗin ajiya. A 2009 wata kotun tarayya a jahar Kentucky ta soke irin wannan tanadi a dokar birnin Louisville a kan wannan dalili. Saboda haka dokokin da suka fi inganci su ne waɗanda suka tanadi sauraron mai dabba da wuri, da mayar masa da kuɗinsa in kotu ta wanke shi.

Rufe kasuwa, da ƙofofin da suka rage

Ganin kamawa na da tsada, sai ƴan majalisa suka juya ga kasuwa. In kanti ya daina saye, mai keji zai rasa ciniki. Kalifoniya ce jaha ta farko da ta hana kantuna sayar da karnuka da kyanwoyi da zomayen da aka samo daga masu kiwon kasuwanci, daga 1 ga Janairu 2019. Maryland da Illinois da wasu suka biyo baya, ta New York kuma ta fara aiki ranar 15 ga Disamba 2024.

A Ingila dokar ta samu suna daga wata karya, Lucy, wadda aka ceto a 2013 daga wata gonar kiwo a yankin Wales, ƙashin bayanta ya lanƙwashe saboda zaman keji, ta mutu a 2016. Daga 6 ga Afrilu 2020 an hana dillali ko kanti sayar da kwikwiyo ko ɗan kyanwa da bai kai wata shida ba. Mai saye sai dai ya je wurin mai kiwo ya ga ɗan tare da uwarsa, ko ya je gidan ceto. A 2021 kuma aka ɗaga hukuncin zaluntar dabba daga ɗaurin wata shida zuwa shekara biyar. Faransa ta yi tata dokar ranar 30 ga Nuwamba 2021: daga farkon 2024 babu sayar da kare ko kyanwa a kanti, mai son ɗauka sai ya sa hannu a takardar alƙawari kwana bakwai kafin a ba shi, wanda kuma ya azabtar da dabba har ta mutu yana iya shan ɗaurin shekara biyar da tarar Yuro 75,000, kusan miliyan 49 na sefa.

Sai dai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dokar Kalifoniya ta bar wa kantuna damar karɓar dabbobi daga ƙungiyoyin ceto. Me dillalai suka yi? Suka buɗe ƙungiyoyin ceto na bogi a jahar Iowa, suna sayen kwiyakwiyai daga masu keji, su yi musu takardar wai an ceto su, su aika kanti. Sai da babban lauyan gwamnatin Iowa ya kai su kotu a 2019, Kalifoniya kuma ta sake gyara dokarta a 2020. A Faransa wasu kantuna sun koma tallatawa a intanet, mai saye ya biya ta waya ya zo ya ɗauka. A Ingila dokar ta zo daidai da kullen korona, mutane suka rufu neman karen zaman gida, farashi ya ninka, masu fasa-ƙwauri suka yi ta shigo da kwiyakwiyai daga gabashin Turai. Masu kantuna suna kafa hujja da wannan, suna cewa an rufe musu sana'a an tura masu saye hannun ƴan damfara inda babu mai sa ido.

Akwai kuma siyasa. Jahar Missouri, wadda shekara da shekaru take kan gaba a jerin wuraren kiwo mafi muni da Humane Society ke fitarwa, ta yi ƙuri'ar raba gardama a Nuwamba 2010. Jama'a suka amince, da ƙaramin rinjaye, kada mai kiwo ya wuce karnukan haihuwa 50. Ƙungiyoyin manoma suka ce yau kare ne, gobe shanu da kaji. A Afrilu 2011 majalisar jahar ta gyara dokar ta cire wannan iyaka.

Ina ruwanmu?

Mu a nan, tsarin biya ko ka sallama ba baƙo ba ne. Duk makiyayi da manomi ya san wurin da hukuma ke tsare dabbar da aka kama tana yawo ko ta yi ɓarna a gona, wanda ake kira furiyar da Faransanci. Mai dabba ya biya kuɗin kwanakin da ta yi ya ɗauki abarsa, in wa'adi ya cika ba a zo ba a yi gwanjonta. Bambancin shi ne saniya ko akuya tana biyan kuɗin cinta da kanta ranar gwanjo. Tsohuwar karya marar haƙora ba mai saye, sai mai tausayi.

Muna kuma da namu misalin dokar da ta shafi dabba mai rai. A 2016 Nijar ta hana fitar da jakai waje saboda cinikin fatarsu, a Fabrairu 2024 kuma Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka jakai don fata a nahiyar baki ɗaya. Duk ranar da jami'an kan iyaka suka tare garken jakai, tambayar da ta sha kan Virginia ita ce ke jiransu: ina ruwa, ina harawa, wa zai biya?

Cinikin karnukan ma bai yi mana nisa ba. Karen Azawak, dogon nan siriri na makiyayan arewacin Tawa da maƙwabtanmu na Mali, yau ana kiwonsa a Turai da Amurka, har ƙungiyar rajistar karnuka ta Amurka, AKC, ta shigar da shi cikakken jerinta a 2019. A Yamai da manyan biranenmu kuwa, ana ganin tallan ƴan kwikwiyon karnukan gadi na waje a Facebook da WhatsApp. Mai saye ya kamata ya nemi ganin uwar da inda take kwana, ya kuma nemi takardar allurar haukan kare daga likitan dabbobi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon haukan kare na kashe mutum wajen 59,000 a shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma yara ƴan ƙasa da shekara 15 suna da kaso mai yawa a ciki.

Abin da za a sa wa ido

A 2021 an karɓe karnuka fiye da 500 daga hannun wani mai lasisi a Iowa, bayan masu duba sun rubuta masa laifi sama da 100. Ƙungiyar Animal Rescue League ta jahar da ƙungiyar ASPCA ne suka ɗauki nauyinsu. Cikin karnukansa akwai wata mai lamba 142 da masu duba suka gani ta rame har ƙasusuwa sun fito, aka bar ta a wurin, daga baya sai allurar mutuwa aka yi mata. Masu fafutuka suka raɗa mata suna Goldie, aka kuma gabatar da ƙudurin doka da sunanta a majalisar tarayya tun ƙarshen 2021, wanda zai wajabta wa masu duba su ƙwace dabbar da ke shan wahala, su ci tara, su kuma sanar da jami'an tsaron yankin cikin gaggawa. An sake gabatar da shi daga baya, amma har yanzu bai zama doka ba.

In ya wuce, za a ƙara yawan kamawa, kuma kowane kamu yana nufin ƙarin motoci a ƙofar ƙungiyoyin da tuni kejinsu ya cika. Don haka duk mai bibiyar lamarin ga, a Amurka ne ko a Turai, ya duba abu uku a kowace sabuwar doka: kwana nawa aka ba alƙali ya yanke makomar dabbar, wa aka ɗora wa kuɗin ajiya, kuma ko an ware wa masu ceto wani kaso daga tarar da ake ci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku kuma masu saurare, musamman makiyaya da likitocin dabbobi da ma'aikatan ofishin magajin gari, muna son jin yadda abin yake a garuruwanku. In an tsare dabba a wurinku, wa ke ba ta ruwa da abinci, kuma kwana nawa take yi kafin a warware maganarta? Ku aiko mana da bayananku, za mu karanto su a shirinmu na gaba in Allah ya kai mu.